Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Batirin Tutiya Da Neman Rumbun Wuta A Ƙasar Tsafe

Duk matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, idan ya iso garin Tsafe da hantsi, ba zai rasa ganin baƙaƙen faya-fayan sola a bisa rufin kantuna da masallatai da gidajen masu hali ba, kowanne ya ɗaga fuska sama yana shan rana. Shekaru 15 da suka wuce da wuya a ga irinsu sai a kan rijiyar burtsatse ko fitilar bakin titi. Yau kuwa mai cajin waya yana da nasa, mai sayar da ruwan sanyi yana da nasa, haka ma mai shagon magani da mai aski. Rana dai Allah Ya hore wa wannan yanki ita, ba saye ba roƙo.

Sai dai faifan sola yana da wani hali da ba a iya raba shi da shi. Rana na faɗuwa aikinsa ya tsaya cik. Lokacin da jama'a suka fi bukatar wuta kuwa, watau daga magariba zuwa tsakar dare, shi ne daidai lokacin da faifan ba ya ba da kome. Manomin Zamfara ya daɗe da sanin irin wannan matsala. Damina wata huɗu ce ko biyar, ci kuwa na shekara ne cur, shi ya sa kakanni suka gina rumbu. Wanda ya noma dami ɗari na gero, amma rumbunsa yana yoyo ko gara ta shiga, kafin bazara zai koma awo a kasuwa. To, batir shi ne rumbun wutar lantarki, kuma a kansa ne mafi yawan kuɗin mai sola yake tafiya, domin faifai yakan shekara 20 yana aiki, batir kuwa sai an yi ta sauyawa.

Dalilan da suka sa maganar rumbun nan ta zama ta gaggawa a fili suke. Wutar da ke zuwa Zamfara ta hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna take zuwa, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara, kuma doguwar tafiya take yi kafin ta iso. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta wajen Makurɗi kuma ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu. Kafin wannan, ran 29 ga Mayu 2023, Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta doshi naira 500 cikin 'yan kwanaki, kana ta zarce naira 1,000 a ƙarshen 2024. Janareta, wanda a da shi ne majinginar mai ƙaramar sana'a, ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar layi sam.

A ƙauyukan ƙasar Tsafe, wajen su 'Yankuzo da Keta da Ɗanjibga da Bilbis, rashin tsaron da ya addabi yankin ya daɗa wa lamarin nauyi, domin kai mai ko kai makaniki ya zama tafiya mai haɗari. Ga shi kuwa allurar rigakafin yara ba ta san da wannan uzuri ba. Yawancinta tilas ta zauna cikin sanyin da bai kasa digiri 2 ba, bai kuma wuce digiri 8 ba, dare da rana, in ba haka ba ta lalace. Ungozomar da haihuwa ta zo mata da ƙarfe biyu na dare tana bukatar fitila mai haske. Ɗaliban da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe take yayewa, a irin waɗannan ɗakunan shan magani da yawansu za su yi aiki.

RUMBU NA FARKO: DALMA

Batirin da ya fi yawa a hannun masu sola a ƙasar nan shi ne na dalma, ɗan'uwan wanda ke cikin mota. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago shi a 1859, kuma har yau tsarinsa bai sauya ƙwarai ba: faranta ne na dalma a tsome cikin ruwan asid. Irin wanda ake kira tubula yakan kai kilo 60, wajen rabin nauyin kuwa ko fiye dalma ce. Yana da arha wajen saye, kowane makaniki kuma ya san kansa.

Aibinsa na farko shi ne ba ya shiri da zafi. Masu ƙera shi suna auna tsawon ransa ne bisa zafin digiri 25, kuma sananniyar ƙa'ida ce cewa duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana raba kwanansa biyu. A Tsafe da Gusau da Bunguɗu kuwa, zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano da aka kulle. Na biyu, ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. In ana so ya daɗe, rabin abin da ke cikinsa kaɗai ake ci kafin a sake cikawa. Ke nan mutum ya sayi rumbu guda, amma rabinsa kaɗai yake mora.

Aibi na uku shi ne mafi muni, kuma babu jihar da ta san shi kamar Zamfara. A farkon 2010 ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, watau MSF, ta tarar da yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan amai da jijjiga. Da aka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje cike suke da dalma, ƙurarsu ta bi ƙasa da abinci da hannuwan yara. An ƙiyasta yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu, a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega kuwa sai a 2013 aka yi shi. Waccan dalma daga ma'adini ta fito, amma ita ce dai ke cikin batirin sola. A garuruwa da yawa na ƙasar nan, idan batir ya mutu 'yan gwangwan ne ke saye, a zubar da ruwansa a ƙasa, a fasa shi da gatari, a narka farantan a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'auni na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana daƙile ƙwaƙwalwa, illar kuma ba ta gyaruwa. Kowane faifan sola da aka kafa tare da batirin dalma, bayan 'yan shekaru zai bar tulin dalma da sai an san inda za a kai ta.

RUMBU NA BIYU: LITIYAM

Na biyu shi ne batirin litiyam, irin na cikin wayar hannu, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara kawowa kasuwa a 1991. Ba shi da nauyi, yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki, ana cajinsa sau dubbai, kuma cikin kowane kashi 100 na wutar da aka zuba masa yakan mayar da wajen 90. Farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi ƙwarai, daga sama da dala 1,000 kan kowane ma'aunin kilowat na awa guda a 2010 zuwa wajen dala 115 a 2024. Duk da haka, ga mai shago a Tsafe da zai biya da naira, kuɗin farko yana da nauyi.

Abin tsoro gare shi shi ne ruwan da ke cikinsa. Wani sinadari ne mai kama da wuta, kuma idan batirin ya huje, ko ya yi zafi fiye da kima, ko aka yi masa caji ba bisa ƙa'ida ba, yakan kama ci da kansa, wutar kuma tana da wuyar kashewa. Ran 16 ga Janairu 2025 wata babbar ma'ajiyar batura ta litiyam a Moss Landing, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, ta kama da wuta, har aka kwashe mutane fiye da 1,000 daga gidajensu. Gaskiya ne irin wanda aka fi sa wa sola a yanzu, mai haɗin ƙarfe da fosfet, ya fi sauran aminci nesa ba kusa ba. Amma kasuwa cike take da na hannu da na jabu da waɗanda aka harhaɗa daga tsofaffi, kuma a ƙauyen da danni da zana suka kewaye gidaje, motar 'yan kwana-kwana kuma ba ta isa da wuri, ƙaramar gobara ma babba ce.

Wannan shi ya sa masana a ƙasashe da dama suka shiga neman rumbu na uku, wanda ba shi da gubar dalma, ba ya kuma kama wuta. Neman kuwa ya mayar da su ga wani tsohon abu da kowane ɗan ƙauye ya sani.

TSOHON ABOKIN TOCILA DA REDIYO

Tutiya farin ƙarfe ne mai ɗan duhu. Ita ce ake shafa wa kwanon rufi da bokiti don kada su yi tsatsa, kuma ita ake haɗawa da jan ƙarfe a sami tagullar da maƙeran fari ke aiki da ita. Duniya tana haƙo wajen tan miliyan 12 nata a shekara, sama da rabi kuwa a kan kare ƙarfe daga tsatsa yake tafiya. Jikin ɗan Adam ma yana bukatar ɗan kaɗan daga cikinta. Ƙwayar zink ɗin nan da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari, gishirin tutiya ce.

Da tutiya aka fara batir a duniya. A 1800 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya sa ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, wuta ta fito. Daga sunansa aka samo bolt, ma'aunin ƙarfin da ke tura wutar lantarki. A 1836 John Daniell na Ingila ya gyara tsarin, har aka riƙa amfani da shi wajen wayar tangaraho. A 1866 Georges Leclanché na Faransa ya haɗa tutiya da wani baƙin ma'adini, manganis, sa'an nan a 1886 Carl Gassner na Jamus ya mayar da ruwan ya zama kwaɓi, ya rufe shi cikin gwangwani. Wannan shi ne kakan batirin tocila, irin su Tiger Head da ake sayarwa a kowane teburin mai kayan koli. Da shi mutanen karkara suka saurari Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC tun zamanin da ƙaramar rediyo ta shigo, da shi kuma aka haska hanyar masallaci da asuba.

Duk wanda ya taɓa fasa mataccen batir yana yaro ya ga cikinsa. Gwangwanin na tutiya ne. A tsakiya akwai sandar gawayi. Baƙin garin da ke kewaye da ita, wanda 'yan makaranta kan kwaɓa su shafe allon bango da shi, manganis ne da gawayi. Danshin da ke jikin garin kuwa ruwa ne da wani irin gishiri. Sa'ad da aka kunna tocila, tutiyar gwangwanin ce take narkewa sannu a hankali cikin danshin nan, narkewar ce kuma take sakin wuta. Shi ya sa batirin da aka manta cikin tocila yakan huje ya yi farin tsatsa, domin an cinye bangonsa.

Tambayar da masana suka sa a gaba ita ce: tun da narkewar tutiya ke ba da wuta, me zai hana a tura wuta ta baya, tutiyar da ta narke ta koma mazauninta, a sake amfani da ita gobe? In haka ta samu, an sami batir mai caji wanda ruwan cikinsa ruwa ne na sosai, ruwa kuwa ba ya cin wuta.

ABIN DA YA HANA RUWA GUDU

Abubuwa uku ne suka daɗe suna hana wannan. Na farko, tutiyar da ta narke ba ta komawa ta kwanta sumul yadda take da. Takan taru a wuri guda ta yi tsini, kowane caji tsinin ya daɗa tsawo kamar ƙaya, har ya huda shamakin da ya raba ɓangarorin batirin biyu. Da zarar sun haɗu, batir ya mutu.

Na biyu, ruwa yana da iyakar ƙarfin wutar da yake jurewa. Daga bolt 1.23 zuwa sama yana iya rabuwa ya koma iska iri biyu, haidurojin da oksijin. Wajen caji, wani sashe na wutar yakan ɓace wajen fasa ruwan, batir ya kumbura da iska, ruwansa ya ragu, tutiyar kuma ta yi wani farin ɓawo da ke toshe ta. Ɗaki guda na batirin tutiya da manganis kuma wajen bolt ɗaya da rabi yake bayarwa, alhali na litiyam ya zarce bolt 3. Saboda haka batirin tutiya ya fi girma da nauyi kafin ya ɗauki wuta daidai da na litiyam.

Na uku, shi kansa baƙin garin manganis yakan riƙa zagwanyewa cikin ruwan, kowane zagaye ya ragu kaɗan, har ƙarfin batirin ya ƙare.

CI GABAN DA AKA SAMU

A 1986 wasu masana biyu na Japan, Yamamoto da Shoji, suka gwada sauya ruwan batirin. Maimakon mai kaifi irin na sodar sabulu, suka sa ruwan gishirin tutiya mai sauƙi, dangin wanda ke cikin ƙwayar maganin yara, suka ga batirin yana karɓar caji. Binciken ya kwanta shekaru, domin hankalin duniya ya koma kan litiyam. A 2012 ƙungiyar Farfesa Kang Feiyu ta Jami'ar Tsinghua a ƙasar Sin ta farfaɗo da shi, daga nan kuma ɗakunan bincike na duniya suka yi masa ca.

A 2016 masana na wani ɗakin binciken gwamnatin Amurka mai suna Pacific Northwest suka samo dabara mai sauƙi game da zagwanyewar manganis. Suka zuba ɗan gishirin manganis cikin ruwan tun daga farko. Ruwan da ya riga ya ƙoshi ba ya ƙara jan wani, kamar yadda shayin da ya cika sukari ba ya narkar da ƙari. Batirinsu ya yi zagaye 5,000 na caji da saukewa, yana riƙe da kashi 92 cikin 100 na ƙarfinsa. A shekarar dai, ƙungiyar Farfesa Linda Nazar ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta maye gurbin manganis da wani ma'adini, banadiyam, batirin ya yi zagaye 1,000 yana riƙe da sama da kashi 80.

Maganar ƙaya kuwa, a 2017 ƙungiyar Debra Rolison ta ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ta ƙera tutiya a siffar soso mai ƙofofi da yawa, maimakon gari ko faranti. Da yake wuta tana bin ko'ina cikin soson daidai wa daida, tutiyar ba ta samun wurin taruwa ta yi tsini. A 2018 ƙungiyar Farfesa Wang Chunsheng ta Jami'ar Maryland ta bi wata hanyar, ta cika ruwan da gishiri mai yawan gaske har ya zama gishirin ya riƙe kusan dukkan ruwan, bai bar wanda zai rabu ya zama iska ba. Dabarar ta yi aiki, sai dai gishirin da aka yi amfani da shi yana da tsada, saboda haka aka shiga neman mai arha da zai yi wannan aiki. Daga lokacin zuwa yau ana ta gwada 'yan sinadaran da ake ɗiga wa ruwan, da shafe-shafen da ake yi wa fuskar tutiyar, da mayar da ruwan ya zama mai kauri kamar kamu.

Wajibi ne mai karatu ya san yadda ake karanta irin waɗannan alƙaluma. Zagaye 5,000, in sau ɗaya ake yi a rana, ya fi shekara 13. Amma a ɗakin bincike yawanci batirin bai fi girman kwabo ba, ana cajinsa ana saukewa cikin 'yan mintoci, kuma akan sa masa tutiya da ruwa fiye da bukata ninkin-ba-ninkin. Babban batir da zai sha caji yini guda, ya sauke a hankali dare guda, cikin zafin bazara, wani al'amari ne daban. Masanan da kansu sun sha jan hankalin junansu a kan wannan.

DAGA ƊAKIN BINCIKE ZUWA KASUWA

Wasu kamfanoni sun riga sun fito da nasu. Kamfanin Eos na Amurka yana ƙera batirin tutiya da buromin cikin ruwa a masana'antarsa ta Turtle Creek, jihar Pennsylvania, domin ajiye wutar awa 3 zuwa 12 ga manyan tashoshi. A watan Disamba na 2024 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta tsaya masa ya sami rancen da ya kai dala miliyan 303.5 don faɗaɗa aikin. Wani kamfanin, Urban Electric Power, wanda ya samo asali daga binciken wata jami'a ta birnin New York, ya ɗauki tsarin batirin tocila na tutiya da manganis ya mai da shi mai caji, kuma a 2022 wata babbar cibiyar kwamfuta ta San Diego ta cire baturanta na dalma ta sa nasa. Kamfanin ZincFive kuwa yana haɗa tutiya da nikel domin fitilun ba da hannu na titi da ɗakunan kwamfuta.

Akwai kuma labarin da ba shi da daɗi. Kamfanin Redflow na Ostareliya ya shekara kusan 20 yana ƙera batirin tutiya da buromin, wanda aka yaba masa wajen jure zafi, har aka kafa shi a turakun sadarwa. A watan Agusta na 2024 kuɗi suka yanke masa, aka nemi mai saye ba a samu ba, aka rufe shi. Waɗanda suka sayi kayansa suka wayi gari ba mai ba su kayan gyara. Babban abin da ke karya irin waɗannan kamfanoni shi ne faɗuwar farashin litiyam, wanda manyan masana'antun ƙasar Sin ke ƙerawa da yawan gaske, ga kuma sabon abokin gasa, batirin sodiyam, ma'adinin da ke cikin gishirin miya. Bugu da ƙari, batirin tutiya da buromin ba ya mayar da wutar da aka zuba masa kamar yadda litiyam ke yi. Kada kuma kalmar ruwa ta ruɗi kowa. Buromin yana da guba, ruwan wasu baturan yana ƙuna kamar soda, iskar haidurojin kuma tana bukatar taga.

ABIN DA YA RAGE GA ZAMFARA

A halin yanzu batirin tutiya mai caji bai zama hajar da ake tararwa a kantunan sola na Gusau ko Tsafe ba, kuma duk ɗan kasuwar da ya zo da wani abu yana kiransa da wannan suna, ya kamata a tambaye shi takardar lamuni da inda za a sami kayan gyara. Amma inda batirin ya gaza, watau nauyi da girma, bai dami mai rumbu ba. Waya da mota ne ke bukatar batir marar nauyi. Ɗakin shan magani, da rijiyar burtsatse, da ƙaramar tashar sola mai ba ƙauye guda wuta, duk a wuri ɗaya suke zaune, fili kuwa ba shi ne matsalar karkara ba. Abin da suke nema shi ne batirin da zai jure zafi, a zuƙe shi har ƙasa bai lalace ba, a kwana kusa da shi ba fargaba, in ya mutu kuma bai bar guba a tsakar gida ba.

Ko batirin tutiya zai cika waɗannan sharuɗɗa a wannan ƙasa, gwaji ne kaɗai zai nuna, kuma gwajin da aka yi a ƙasashen sanyi ba zai wadatar ba. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda. Abu ne mai yiwuwa Gwamnatin Jiha da Hukumar Samar da Wuta a Karkara su nemo 'yan batura kaɗan na kowane iri, a jera su wuri ɗaya, a bar su su sha zafin Afrilu da ƙurar hunturu shekara biyu ko uku, ɗalibai suna rubuta abin da ya faru kullum. Amfanin wannan shi ne ranar da hajar ta iso, za a saye ta da sani.

Nijeriya tana da ma'adinin tutiya a Enyigba da Ishiagu cikin Jihar Ebonyi, da Zurak ta ƙasar Wase a Jihar Filato, mafi yawa kuma ɗanyensa ake fitarwa waje. Amma a duk waɗannan wurare tutiya tare da dalma take kwance cikin dutse ɗaya. Idan kasuwarta ta buɗe, aka bar haƙa da niƙa a hannun wanda ya ga dama, abin da ya faru a Anka da Bukkuyum yana iya maimaituwa a wani wurin. Rigakafi dai ya fi magani.

Kafin nan, akwai aikin da ba ya jiran kowane masani. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a ƙarƙashin hukumar NESREA, waɗanda suka shafi tattara matattun batura da sarrafa su. Ƙananan hukumomin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, tare da sarakuna da ƙungiyoyin masu sola, suna iya keɓe wurin da za a riƙa kai su, a hana fasa su cikin unguwa. Mai batirin dalma kuwa ya ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara. Kada ya zuƙe shi fiye da rabi, kada ya ƙara masa ruwan rijiya sai tataccen ruwan batir, in ya mutu kuma ya mayar da shi a rufe ga wanda ya sayar masa. Mai na litiyam ya guji na jabu, ya kuma haɗa shi da inbatar da ta dace da shi.

A da can, idan muryar rediyo ta fara shaƙewa ana tsakiyar labaru, dattawa sukan ciro baturan su shanya a rana bisa katanga, da yamma su mayar, rediyon ya ɗan ƙara magana. Ba wuta rana ta zuba musu ba, ɗumi ne kawai ya motsa ɗan abin da ya saura a ciki. Amma abin da dattawan nan suke so, watau rana ta shiga batirin tutiya da yini a same ta da dare, shi ne ainihin abin da masanan Sin da Kanada da Amurka suke aiki a kansa yau. Sun yi nisa, ba su kai ba tukuna. Sannu ba ta hana zuwa, kuma firjin allurar rigakafi na ƙauyukan Tsafe yana cikin masu jiran isowarsu.